Har Sai Ta Saki Taya

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Mahaifin maigidana, wanda kowa a gidanmu na Yalwawa yake kira Baba, ya rasu a ƙarshen bazarar bara, ana jiran ruwan farko. Bai yi doguwar jinya ba. Ya dawo daga sallar la'asar ya ce kansa yana sara, aka shimfiɗa masa tabarma, kafin a samo mota rai ya yi halinsa.

Maza sun yi zaman makoki a sararin da ke tsakanin zaure da ƙofar cikin gida, inda jar taraktar Baba take tsaye a kan duwatsu. Ni ce nake miƙa ruwa da kunu ta bayan asabari, saboda haka na ga abin da sauran mata ba su gani ba. Duk mutumin ƙauye da ya shigo, kafin ya tsuguna ya yi gaisuwa, sai ya dafa babbar tayar nan tukuna, kamar yadda ake dafa kafaɗar wanda aka yi wa rashi. Wani dattijo ya fara ba da labarin yadda aka ɗauko matarsa tana naƙuda a bayan taraktar, aka ratsa fadama cikin ruwa, yana yi yana dariya, ƙarshe dariyar ta koma kuka aka rasa mai rarrashinsa.

Wata tsohuwa ta zo daga wani ƙauye a wajen Jahun. Babu wanda ya san ta. Maimakon ta wuto wurin mata, sai ta tsaya gaban taraktar ta ce, "Sannu. Ke ma an tafi an bar ki." Da ta shigo ciki ta gaya wa Inna, uwar maigidana, cewa shekarar da mijinta ya mutu ya bar ta da yara, ta tashi da safe ta ji ƙarar inji a gonarta. Ta fita ta tarar an huɗe ta tas. Ta hango Baba a kan taraktar zai tafi, ta bi shi da ƙwaryar ruwa, ya ɗaga mata hannu ya yi gaba. Inna ta yi shekaru masu yawa tare da shi, amma ranar ta fara jin wannan labari.

Gwaggo kuwa, ƙanwar Baba, ta leƙa ta ƙofa ta daɗe tana kallon taraktar. Ta share ido ta ce, "Shanun ubanmu ne nan a tsaye, sun yi ja."

Ranar sadakar uku na hango Yaya Babba, wan maigidana da ke kasuwanci a Kano, yana zagaya taraktar tare da wani baƙo mai baƙaƙen farata. Baƙon yana ƙwanƙwasa jikinta da mukulli yana saurare. Na san irinsu, 'yan gwangwan ne, masu sayen tsohon ƙarfe su yanka shi da wuta. Na ji ya ce, "Ba za ta fita ta zauren nan ba, Alhaji. A nan za mu yanka ta." Tiren kofuna ya kusa suɓuce mini. Domin 'yata ta fari, da ƙarfen nan take koyon tafiya, kuma a lokacin ba ta kai ga sakinsa ba.

Bari in fara faɗin wanene Baba, don kada a ɗauka labarin ƙarfe na zo bayarwa.

Asalinsu masu shanu ne. Da rabon gadonsu ya zo hannunsa yana saurayi, ya yi kiwo na wasu shekaru, daga baya ya sayar da nasa kaso ya sayi tsohuwar tarakta a gwanjon gwamnati. Gwaggo ta ce shekara guda ba ta ci abincin gidansa ba don takaici. Shi kuma don ya ƙara tunzura ta, ya raɗa wa taraktar suna Nagge, wato saniya da Fillanci. Yakan ce mata, "Tawa saniyar ba ta shiga gonar mutane sai an gayyace ta." Da ita ya yi huɗa tun daga bayan Dutse har Taura, da ita ya aurar da 'ya'yansa, da ita ya je Makka.

Da aka mai da Dutse babban birnin jiha, gonakin da ke kusa da mu suka fara komawa ofisoshi da gidajen ma'aikata. Kayan gyara suka yi tsada, injin kuma ya buga, bakanike ya ce ya haƙura. Kowa ya ce ya sayar. Sai Baba ya aro shanun huɗa guda biyu, aka ɗaura mata igiya, suka jawo ta har cikin sararin gida, yara suna bi suna ihu. Gwaggo ta ce ranar ce ta huce, da ta ga shanu ne suka kawo ta gida. Bayan nan ya sa aka ja katanga, aka gina zaure da ƙofar da ko amalanke ba ya shiga. Magini ya ce, "Baba, ta ina za ta fita?" Ya ce, "Wa ya ce maka za ta fita?"

A haka na same ta da aka kawo ni gidan. Baba ya ɗage ta a kan manyan duwatsun da aka faso daga dutsen bayan gari, don kada tayoyin su ruɓe a ƙasa. Ya kife gwangwanin madara a bakin salansa saboda ruwan sama. Kowace shekara in hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai ya tuɓe babbar riga, ya goge tsatsa da tsumma da yashi, ya bi duk wata gaɓa da baƙin mai, ya shafe ta da jan fenti. Ba ya bari kowa ya taya shi. Ya shuka zogale a gefenta, ya ajiye randa. Malaman firamare sukan kawo ɗalibai su gani, ya tsaya da sandarsa yana nuna musu inda ake ɗaura garma, yana cewa, "Tuwon da ubanninku suka ci suka girma, ta nan ya biyo."

Ni kuwa tsoronta nake ji. Ni mutum ce mai fargaba, ban ɓoye ba. In yaro ya yi tari sau biyu, ni na riga na hango asibiti. Abin da nake gani a ƙarƙashinta shi ne maciji da kunama da tsinin ƙarfe.

A shekarun da aka ƙaddamar da shari'a, autan gidanmu ya shiga cikin samarin da suke yawon wa'azi. Ya ɗage wando, ya bar gemu, ya sa muka daina jin waƙa a rediyo. Yaro ne mai kirki, zafin sabon karatu ne kawai. Wata rana ya tarar da Baba yana fenti, ya tsaya daga nesa ya ce, "Baba, Allah ya ba ka haƙuri, amma abin nan da ake ɗorawa a kan dutse ana shafa masa mai, mutane suna zuwa kallo, ina tsoron kada ya yi kama da gunki."

Baba bai ɗago ba. Ya ce, "Malam ƙarami, ka taɓa ganin na yi mata sujada?"

"A'a, Baba."

"Ka taɓa jin na roƙe ta ruwan sama?"

"A'a."

"To in na dube ta, Wanda ya ba ni ita nake tunawa. Kai ma in na dube ka haka ne, ga shi ban yanka ka na sayar ba. Miƙo mini tsumman can."

Auta ya miƙa masa. Sun yi kwanaki ba sa doguwar magana, amma ban ƙara jin zancen gunki ba.

Sai Allah ya ba ni 'ya mace. Ba zan kira sunanta ba, ta fari ce, kuma a gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban surukai, ba ta nuna ya dame ta. Baba kuwa Amarya yake ce mata, irin wasan kaka da jika. Ta fara tsayuwa ke nan zazzaɓi mai zafi ya kama ta. Da ya sake ta, ya tafi da ƙarfin ƙafarta ta hagu. Shan inna, in ji mutane. Muka kai ta asibitin Jahun, wata ma'aikaciya ta ce kada mu bar ta a zaune, a riƙa tsayar da ita tana dafa abu, a riƙa sa ta takawa ko tana kuka. Na gwada a ɗaki da bakin gado. In ta yi kuka sai in yi kuka, in ɗauke ta in goya. Ta koma jan gindi, ƙafar tana ƙara sirancewa.

Wata safiya na fito wanka ban gan ta ba. Na leƙa sarari, sai ga ta a tsaye, ta rungume babbar tayar Nagge, yatsunta cikin ramukan roba, Baba yana tsugune a bayanta bai taɓa ta ba. Suruka ba ta yi wa uban miji magana kai tsaye, balle a kan 'yar fari. Na ruga wurin Inna na ce don Allah ta gaya masa akwai kunama a wurin, akwai tsatsa, yarinyar za ta faɗi a kan ƙarfe. Inna ta je ta faɗa masa.

Baba bai aiko da amsa ba. Ya bari sai da ya ga inuwata a bayan asabari, sannan ya ɗaga murya yana yi wa taraktar magana. "Nagge, kin ji? Wai ke ce za ki cinye mini amarya. Ke da ko haƙori ba ki da shi."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na yi kwana biyu ina goye da ita ko bayan gida zan shiga. Da na kawo masa abinci sai in ajiye in juya, gaisuwar ma a taƙaice. A rana ta uku na ji ƙarar goge ƙarfe tun da hantsi. Na leƙa. Baba ne yake bin duk wani tsini da magagari yana dasashe shi. Ya yayyanka tsohuwar robar tayar keke ya naɗe duk inda hannun yaro zai kai. Ya share ƙarƙashinta, ya toshe ramuka, ya sa aka kawo yashi mai laushi aka zuba kewaye da ita. Tsakanin babbar taya da ƙaramar, inda babu abin dafawa, ya ɗaura gora daidai tsayin ƙirjinta. Da ya gama, ya sake ɗaga murya. "Nagge, in akwai sauran abin da ake tsoro, a gaya miki ki gaya mini."

Na sauke yarinyar daga bayana, na ce mata a hankali yadda zai ji, "Je ki wurin mijinki."

Daga ranar, kullum da hantsi in rana ta hau katanga, sai ta zagaya Nagge. Tana dafa taya, ta kama gora, ta bi ta gaban fitilu, ta dawo ta ɗaya gefen. Da fari ko rabi ba ta kaiwa. In ta zauna tana kuka, Baba ba ya ɗaukarta. Sai ya ce, "Amarya, ni ba na auren raguwa. Tashi, ga dabino can a kan kujerar direba." Ita kuma in ta ji haushi ta ce, "Na fasa aurenka, tsoho!" Ya ce, "To dawo mini da dabinona." Ni ina bayan asabari ina cizon gefen zanina, duk tangal-tangal ɗin da ta yi sai na ji shi a gwiwata. Abin da na kasa yi mata saboda tausayi, shi ya yi mata saboda tausayin da ya fi nawa.

Lokacin da ya rasu tana zagayewa ba hutawa, ƙafar ta fara yin nama, amma in ta saki ko na ƙiftawar ido ne sai ta zube. Na gwada ta da katanga, na gwada ta da turmi, ta ƙi. Ita dai Nagge.

Bayan sadakar arba'in aka sa ranar rabon gado. Na roƙi maigidana a ɗaki ya yi magana. Ya ce, "Yaya ya riga ya yi wa mutumin alkawari. Kuma gaskiyarsa ne, ƙarfe ba ya rabuwa sai an sayar, ga marayun 'yar'uwarmu da Baba ya yi wa wasiyya suna da haƙƙi a ciki. In buɗe baki a gaban Yaya in ce saboda 'yata? Da wane ido?" Ban ga laifinsa ba. Shi ma ta fari ce a wurinsa. Inna tana takaba, ba ta fita, ba ta son hayaniya. Yaya Babba kuma ba mugu ba ne, shi ya ɗauki nauyin makokin duka. Zuwansa gida daga salla sai salla, bai taɓa ganin abin da ake yi da hantsi a sararin nan ba, kuma babu mai bakin gaya masa.

Ranar suka shimfiɗa tabarmi a inuwar taraktar, Yaya Babba da malamin da zai raba, da Auta, da maigidana. Ɗan gwangwan yana zaure da tukunyar wutarsa yana jira a gama. Ina tsaye a bayan asabari da tsohon ciki, yarinyar tana riƙe da zanina. Na ji an gama maganar gida, an gama ta gona, malam ya ce, "Saura ƙarfe."

Rana ta hau katanga. Yarinyar ta ja zanina ta ce, "Lokaci ya yi." Ban yi shawara da kowa ba. Na ɗaga asabari kaɗan, na tura ta.

Ta ja jiki a cikin yashi har gindin babbar taya, ta kama, ta miƙe. Maganar maza ta tsaya. Ta fara takawa, tana jefa ƙafar hagu tana bin ta da ta dama, harshenta a waje. Ta kama gora, ta wuce fitilu. Da ta zagayo ɗaya gefen sai ta tarar Yaya Babba ya jingina bayansa da ƙaramar taya, daidai inda take dafawa. Ta tsaya tana rawar ƙafa, ta dube shi ta ce, "Baba Babba, matsa mana. Ka tare hanya."

Maigidana ya sunkuyar da kai kamar ƙasa ta tsage. Yaya Babba ya janye jiki da sauri har hularsa ta faɗi. Ta wuce ta gabansa, ta ƙarasa inda ta faro, ta miƙa hannu kan kujerar direba. Babu komai a wurin. Ta ce, "Yau ma bai ajiye ba."

Auta ne ya fara tashi ya shige zaure, na ji yana fyace hanci. Yaya Babba ya ɗauki hularsa ya daɗe yana karkaɗe ta. Ya ce, "Tun yaushe ake wannan?"

Maigidana ya ce, "An kwana biyu, Yaya."

"Shi ne babu wanda ya gaya mini?"

Gwaggo ce ta yi magana daga bayana, da ƙarfi yadda za su ji. "Wa zai gaya maka? Uwar ko uban? Ka manta gidan da ka fito?"

Yaya Babba ya juya wurin malam ya tambaya ko ya halatta a jinkirta sayar da abu ɗaya in magada sun yarda. Malam ya ce ya halatta, in an kiyaye haƙƙin marayu. Yaya ya ce nasu yana wuyansa, zai fitar musu daga nasa. Sannan ya ce, "Na yi wa mutum alkawari, ba zan zama ƙaramin mutum ba. Za a sayar. Amma a bar ta har sai yarinyar nan ta saki taya ta yi tafiya da kanta. Ranar da ta saki, a aiko mini."

Haka muka shiga damina. Na haihu, namiji, aka sa masa sunan Baba, saboda haka shi ma ba na kiran sunansa, Mai Sunan Baba muke cewa. Kullum da hantsi ina tura yarinyar, ina roƙon Allah ya ƙarfafa ƙafarta, kuma na san abin da nake roƙo shi ne zai kawo mai wuta gidan nan. In na idar da salla sai in rasa yadda zan jera addu'ar. Ƙarshe na ce, ya Allah, ƙafar dai. Baba ma da yana nan ita zai zaɓa.

Bayan an gama girbin gero, wata safiya kaza ta shigo sarari da 'yan tsakinta. Yarinyar tana gaban fitilu. Ta ga ɗan tsako ɗaya ya ware, ta miƙa hannu, bai kai ba, sai kawai ta bi shi. Tana ɗingishi, hannuwa a sama, har bakin zaure. Ita ba ta ma san ta saki ba. Na manta da kunya, na manta da Inna tana tsakar gida, na ƙwala kiran sunanta da ƙarfi, karo na farko a gaban mutane. Inna ta yi kamar ba ta ji ba, tana kuka tana hamdala.

Da yamma na ce wa maigidana ya aika Kano. Ya ce, "Ki bari a kwana biyu mana, wa ya sani?" Na ce a'a, mutumin nan ya yi mana adalci, ba za mu ci amanarsa ba. Ya ba direban motar Kano saƙo.

Ranar Juma'a Yaya Babba ya zo. Na leƙa bayansa ban ga kowa ba, amma na ce ko mai wutar yana tafe. Ya zauna a sarari, ya sa aka kawo yarinyar, ya miƙa mata hannu daga nesa. Ta tako har wurinsa ta faɗa jikinsa. Ya ce, "Masha Allah. Magana ta cika ke nan." Na kawo ruwa, na durƙusa daga gefe na ajiye, jaririn yana bayana. Ya dubi goyon ya ce wa maigidana, "Wannan fa? Mai Sunan Baba ya fara tafiya ne?"

Maigidana ya ce, "Haba Yaya, ko zama bai fara ba."

"To da me zai koya? Ku mutanen gidan nan ba ku da lissafi. A bar ta har shi ma ya saki. In ya saki, a aiko mini."

Gwaggo tana bakin ƙofa ta tuntsire da dariya har tana riƙe ciki. Ta ce, "Kai dai ɗan ubanka ne. Yaushe gidan nan zai rasa mai rarrafe? Ga matar Auta can ma ta fara tofar da yawu."

Yaya Babba ya sha ruwansa, bai yi ko murmushi ba. Ya ce, "Ni dai na faɗi magana, Gwaggo. Za a sayar."

Allah ya jiƙan Baba, ya yalwata masa kabarinsa, ya sa ya tsallake siraɗi da ƙafa mai ƙarfi, yadda ya tsayar da tawa 'yar a kan tata. Wanda duk ya karanta wannan, in ya taɓa cin tuwon gonar da Nagge ta huɗa, ko bai taɓa ba, don Allah ya karanta masa Ƙulhuwallahu.